Karatun Baba Roscoe

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, gidan su Jovan Pettway ya cika da ƙamshin soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Odessa Rainey tana kicin tana taya mahaifiyarsa, Mama Verlene, jera faranti. Shekara biyu ke nan tana shiga gidan nan, tun ranar da malamar lissafi ta ce ta riƙa duba wa Jovan aikinsa, abu ya wuce lissafi ya zama so. Amma har yau ba ta saba da muryar da ke shigowa ta taga ba.

Baba Roscoe ne, mahaifin Jovan, zaune a kujerarsa mai lilo a baranda. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, duk wannan yanki na Alabama babu wanda ya kai shi suna a filin ƙwallon Amurka, wadda ake kamawa da hannu ana ture juna. Ya tafi jami'a, ya yi shekara huɗu yana karo da ƙarti cikin hular kwano, ya dawo da digiri a firam da wani ciwon kai da ya yi ta cinsa a hankali. Yanzu bai cika gane mutane ba. Abu ɗaya ya rage masa. Kullum da rana sai ya kafa wa titi ido, ya soma da wata murya shimfiɗaɗɗiya kamar ba tasa ba:

"Ruwa yana tashi daga teku ya zama girgije. Girgije yana yin nauyi ya zubo ƙasa. Na fara lura da haka a gonar kakana, ranar da ƙanƙara ta kashe mana kaji bakwai..."

"Addu'arsa ce," in ji Mama Verlene, ba ta ko ɗago kai ba. "Miƙo min cokalin can, 'yata."

Ana haka wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mista Hollis Tate ne, wanda duk yaran ƙwallo ke kira Kawu, alhali ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a garin. Ba koci ba ne, ba malami ba ne. Shi dai duk yaron da ya yi fice, ta hannunsa yake bi zuwa jami'a. Ya wuce Baba Roscoe a baranda ba tare da ya dube shi ba.

"Ina zakina? Ina dala dubu ɗari uku mai ƙafa biyu?" Ya daki kafaɗar Jovan, ya juyo ya ga Odessa. "A'a, Farfesa ma tana nan! To, faɗuwa ta zo daidai da zama, dama ke nake nema."

Bayan an ci an sha shayi mai ƙanƙara, ya ture faranti ya yi bayani. Larabar farko ta watan Fabrairu ita ce ranar da 'yan ƙwallo irin Jovan ke sa hannu da jami'ar da za su buga wa wasa. Za a jera huluna uku na jami'o'i uku a kan teburi a zauren makaranta, Jovan ya ɗauki baƙa mai zanen azurfa ya ɗora a ka, alamar jami'ar da ya zaɓa, gari ya yi tafi. Bayan karatu kyauta, akwai kuɗin da masu goyon bayan ƙungiyar za su riƙa biyansa don sunansa da hotonsa. Matsala ɗaya ce: makinsa na kimiyya bai kai abin da hukumar wasanni take bukata ba. Shi ya sa Kawu ya saka shi a wata makarantar intanet.

"Duk asayimen an gama," in ji shi. "Jarrabawar ƙarshe ta rage, ranar Juma'a, a nan gida. Kamarar laftof fuska kawai take gani. Zaki zai zauna yana ɓata rai kamar mai tunani. Ke kuma, Farfesa, ki zauna a ƙasa gefen teburi da naki kibod ɗin da ƙaramin allo. Fuskarsa, hannunki. Minti casa'in, shi ke nan!"

Odessa ta dubi Jovan. Ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓawon burodi.

"An gama asayimen?" ta ce a hankali. "Yaushe ka yi su, Jovan? Ban taɓa ganinka da littafin ba."

"Kai, yarinyar nan da tambaya!" Kawu ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Zan zauna da shi dare da rana in koya masa. Amma ba zan shiga ƙarƙashin teburi ba."

Mama Verlene ta dire kofi da ƙarfi.

"Me kika ce?"

"Mama, in aka kama..."

"Kada ki sake ce min Mama! Shekara goma sha ɗaya ina wanke tsofaffin mutane a gidan gajiyayyu, in dawo in wanke nawa mijin. Allah ya buɗe mana ƙofa, ke ce za ki tsaya a bakinta? Na gane ki. Tsoro kike ya tafi ya ga 'yanmatan jami'a ya manta da ke!"

"Haba, Mama..." in ji Jovan.

"Rufe min baki! Ke kuma, in ba za ki zo ranar Juma'a ba, kada in ƙara ganin ƙafarki a gidana."

Odessa ta ɗauki jakarta hawaye na zuba. Da ta fito baranda, Baba Roscoe ya juyo ya dube ta sosai, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Kaji bakwai." Ya mayar da idonsa titi.

Kwana uku ba su yi magana da Jovan ba. Ranar Alhamis da la'asar ya tare ta a bakin laburare, yana riƙe da laftof, ido duk ya faɗa.

"Dessa, sori mana. Kawu ya ce ya samo wani ɗan gari da zai zauna min. Ba wannan ya kawo ni ba. Kawai... ki zo ki duba min abin da aka rubuta da sunana. Kada koci ya tambaye ni in yi ta zare ido."

"Mamanka ta hana ni gidanku."

"Tana wurin aiki sai shida. Zo mana, Farfesa. Ko sai na durƙusa? Gwiwar nan tsada gare ta fa."

Ta harare shi, amma ta bi shi.

Gidan shiru, sai ƙarar kujerar lilo. Hadari ya haɗo daga yamma, hasken falo ya koma wani rawaya-rawaya. Suka zauna kusa da taga. Jovan ya saka fasawod ɗin da Kawu ya ba shi. Aiki goma sha biyu, duka da sunansa, duka da maki mai kyau, an tura su a ranakun da yake can filin atisaye. Odessa ta buɗe na ƙarshe. Ta karanta layin farko, ta juya ta dubi tagar baranda.

"Karanta da ƙarfi," ta ce.

"Ke karanta mana, kin fi ni sauri."

"Kai aka ce ka rubuta. Karanta."

Ya matso da fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan allo, ya soma ja da kyar kamar ɗan aji uku.

"Ruwa... yana tashi... daga teku... ya zama..."

"Girgije," in ji wata murya daga baranda.

Kujerar ta daina lilo. Jovan ya daskare. Ya sake duban allon, ya ci gaba, muryar mahaifinsa tana tafe tare da tasa ta taga, kalma da kalma, ba gaba ba baya. "Girgije yana yin nauyi ya zubo ƙasa. Na fara lura da haka a gonar kakana, ranar da ƙanƙara ta kashe mana kaji bakwai." Nan Jovan ya kasa. Amma tsohon bai tsaya ba. Ya yi ta zubo sauran, shafi biyu cur, Odessa tana bi da ido a allo. Ko waƙafi bai tsallake ba. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Roscoe Pettway, kimiyya, aji ɗaya." A allon kuwa an rubuta Jovan Pettway.

"Jovan," ta ce da raɗa, "kakan babanka yana da gona?"

"Wace gona? A masaƙa ya yi aiki har ya mutu. Ko kaza ɗaya ba mu taɓa kiwo ba."

"Ashe ba addu'a ba ce," in ji Odessa.

Sai suka ji an ajiye jaka a bayansu. Mama Verlene ce, ta dawo da wuri saboda hadari, tana tsaye a bakin ƙofa da rigar aiki. Ba su san tun yaushe take nan ba.

"Mama, wa ya kai Baba jami'a?" in ji Jovan.

Ta juya za ta shige kicin.

"Mama!"

"Hollis ne," ta ce. "Lokacin yana saurayi. A zamanin babu makarantar intanet. Takarda yake ba su su kwafa da hannunsu. Babanka bai iya karanta ta ba, sai ya sa ni ina karanta masa yana haddacewa, wai kada malami ya tsayar da shi ya ji kunya."

Jovan ya ɗaga kai ya dubi digirin da ke rataye a bango sama da talabijin.

"Wancan fa? Ya iya karanta shi?"

"Sunansa kawai yake ganewa." Nan da nan ta haɗe rai. "To sai me? Su ba a biya su ko sisi ba, kai za a biya ka! Shekara biyu kacal ka yi, ka fitar da mu daga nan. Ita wannan mayyar ce ta zo ta..."

"Ba ita ta rubuta ba, Mama."

Ya tashi ya fita baranda. An fara yayyafi. Ya tsuguna gaban mahaifinsa ya riƙe manyan hannayen nan da suka kama ƙwallo gaban mutum dubu tamanin. Tsohon ya dube shi kamar baƙo, ya sake ɗaukowa daga farko: "Ruwa yana tashi daga teku..." Odessa ta ga kafaɗun Jovan suna girgiza.

Ranar Juma'a ɗan garin da Kawu ya turo ya zo da kibod ɗinsa, Jovan ya sallame shi daga bakin ƙofa. Ya zauna shi kaɗai gaban kamara, fuskarsa, hannunsa. Ya ci ashirin da uku cikin ɗari. Ya kuma rubuta wa makarantar cewa ayyukan nan goma sha biyu ba nasa ba ne.

Ranar Laraba aka jera huluna a zauren makaranta, yara huɗu suka ɗora nasu ana ta ihu. Teburin Jovan babu komai a kai, ƙarshe ma aka janye shi gefe aka ɗora lemo. Kawu Hollis ya wuce shi kamar yadda yake wuce Baba Roscoe. A gari aka yi ta cewa 'yar gidan Rainey ta lalata yaro saboda kishi. Ko a coci sai matan mawaƙa su matsa in ta zauna. Ba ta tanka wa kowa ba.

Jovan ya tafi wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu a Kansas, inda filin wasa ke tsakiyar gonakin alkama, 'yan kallo ba su kai ɗari uku ba. Odessa ta shiga koyon aikin jinya a kusa da gida. Kullum bayan atisaye sai ya kira ta a bidiyo ya karanta mata shafi uku.

"Dessa, kaina zai fashe! Gara a taka ni a fili."

"An taka ka jiya ai, na gani. Koma layi na biyu, ka tsallake."

"Ke dai ba ki da imani, Farfesa."

A shekara ta biyu asiri ya tonu. Wata malama a wata jiha ta lura yara tara daga garuruwa daban-daban duk ƙanƙara ta kashe wa kakanninsu kaji bakwai. Aka bi sawu. Aka kori yaran tara daga jami'o'insu, aka tsayar da kuɗinsu, biyu daga cikin huɗun da suka ɗora hula a zauren nan suka dawo gida ba ƙwallo ba karatu. Baƙar motar Kawu ba a sake ganinta a garin ba.

Jovan kuwa ya gama da makinsa na gumi. Wata jami'a ta neme shi, ba ta kai ta farko suna ba, kuɗin ma bai kai rabi ba. Da aka aiko da kwantiragi mai shafi goma sha huɗu, da kansa ya zauna ya karanta, har ya sa aka gyara inda aka ce in ya ji rauni a kai za a janye masa karatu.

Da tsakar ranar da zai sa hannu, aka ƙwanƙwasa ƙofar su Odessa. Mama Verlene ce, riƙe da faranti an rufe da tawul, kek ɗin dankali mai ɗumi.

"Ranki ya daɗe..." in ji Odessa.

"Wane irin ranki ya daɗe? Mama za ki ce." Ta share ido da gefen hannu. "Na zage ki a gaban mutane, 'yata. Da kin shiga ƙarƙashin teburin nan, da yanzu kujera biyu nake da su a baranda. Sa takalminki. Yaron can ya ce ba zai taɓa biro ba sai kina nan, kuma na ga wani ƙaramin akwatin zobe da yake ta ɓoyewa a aljihu kamar ban haife shi ba."

A baranda aka ajiye teburin, hula ɗaya tak a kai. Kafin ya ɗauke ta, Jovan ya zaro wata takarda ya tsuguna gaban mahaifinsa, wanda ya riga ya soma karatunsa na kullum.

"Baba, saurara. Wannan ni na rubuta. Sunansa, Kakan Babana Ma'aikacin Masaƙa."

Ya karanta a hankali, ba gargada. Tun a layi na uku muryar tsohon ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Kujerar ta tsaya. Shekara goma sha uku rabon barandar nan da shiru a irin wannan lokaci. Da Jovan ya gama, Baba Roscoe ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce da muryarsa ta da, wadda Odessa ba ta taɓa ji ba:

"Sake karanta min, ɗana."

Wanda yake sonka da gaske ba zai ara maka hannunsa don ka yaudari kanka ba, ko da duk danginka za su juya masa baya. Odessa ta yi haƙurin shekara biyu da zagi da ƙauracewa, ta samu miji mai karanta takardarsa da idonsa, da uwar miji da ta san darajarta. Iyaye kuma su yi hattara: wanda ya zo da mota yana kiran ɗanku zaki, ku tambaye shi ina zakunan da ya ɗauka a baya suke zaune yau.