Tabon Hannun Fotini

Fotini ta ajiye kwanon miyar wake a tebur, ta rufe shi da faranti. Wata bakwai ke nan tana cin abincin rana ita da kujerar mijinta. Mijin nata Lambros na rumfar sassaƙa a bayan garin Pirgos, sai yamma lis yake dawowa, ya zube bai ce komai ba. Aiki aka ba shi na farin dutse: mutum-mutumin matar nan ta tsohon wasan kwaikwayo, wadda ta jira mijinta shekara goma, ta mutu ranar da jirginsa ya iso.

Uwarta Marigo ta banko ƙofa.

"Tashi ki haɗa kayanki! Na ba shi 'ya, ya je ya auri dutse!"

"Mama, ya kusa gamawa fa..."

"Kin gani da idonki?"

Ba ta gani ba. A garinmu masassaƙi ba ya yaye zanen da ya rufe aikinsa, ko ga matarsa, sai ya gama. Fotini ta bi uwarta tana hawaye. Mako uku miya ba ta dahu a gidan ba.

Ni kuwa kawunta Stamatis, da duk tsibirinmu babu mai gashin baki irin nawa, ranar da aiki ya ƙare na kwanta a ƙofar rumfar, na aika cewa zuciyata ta tsaya. Sai ga su a guje.

"Kawu! Me ya same ka?"

"Mutuwa ce, 'yata. Amma fara duba can tukuna."

"Tsohon maƙaryaci!" in ji Marigo, ta maka mini jaka a kafaɗa. Ƙanwata ce fa!

Lambros ya ja zanen. Mun saba ganin matar ana sassaƙa ta baki buɗe, tana fizgar gashinta. Wannan kuwa a zaune take shiru, rufaffen kwano a cinyarta, ta zuba wa ƙofa ido. A bayan hannunta na dama akwai tabon ƙuna.

Fotini ta dubi nata hannun.

"Ashe kana gani?"

"Kullum," in ji Lambros. "Bakina ne ya kasa faɗa. Ki yafe mini."

"To gobe ka zo kafin miya ta huce."

Marigo ta share ido, ta ce hancin bai yi kama ba.

Haƙurin Fotini ya dawo mata da mijinta. Amma samari, kada ku bari sai dutse ya yi muku magana. Ku koma gida ku ci abinci da zafinsa. Ni dai har yau ba wanda ya ce mini sannu, ga kafaɗata na ciwo.