Katafila a Fadama

"Maigida, ka kira gayya."

"In ciyar da ƙartin gari saboda sarƙa ɗaya?"

"Hadari fa ya haɗo."

"Ni kaɗai na isa."

Haka wani mutum ya amsa wa matarsa a wani gari. Ƙaramar katafila gare shi, sarƙar ƙafarta ta tsinke a tsakiyar fadama. In ruwa ya sauka, laka za ta haɗiye ta. Shi kuwa bai taɓa zuwa gayyar kowa ba.

Da ƙyar ya jawo sabuwar sarƙa. Ya ɗora ta a gaba, ta zame a baya. Ya ɗora ta a baya, ta zame a gaba. Da shiru ya ishe shi, sai ya kwaikwayi muryar maƙwabcinsa, ya ce, "Sannu da aiki." Ya amsa wa kansa, "Yawwa, kama mini can." Ba wanda ya kama.

Ruwa ya sauko. Da ya ɗauke, matar ta zo ta tarar da shi a tsugune, katafila ta nutse har kujera.

"Maigida, yanzu fa?"

"Ai dama so nake in shuka ta."