Rijiyar da Ta Hana Yarima Rawani

A bazarar da Sarki Mohamed ya rasu, a wani gari na ƙasar Adar arewa da Kalfu, masu zaɓen sarki suka tsai da ɗansa, Yarima Abdulrahim. Saura wankan sarauta. Bisa al'adar garin, ba a naɗa sarki sai an yi masa wanka da ruwan tsohuwar rijiyar da kakanni suka haƙa, kuma Magajiya ce kaɗai ke ɗebowa.

Magajiya Rahinatu, gwaggon Yarima, ta zura guga, ya fito da yashi.

Kowa ya san dalili, sai dai ba mai faɗa. Yarima ya cika fadama da injunan ban ruwa saboda albasarsa, suna zuƙa ba hutu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ɗaya ne. Abin da damina ta ajiye cikin yashi shi kowa ke sha.

Ranar kasuwar Tahoua, da gari ya watse, Yarima ya sa motar ruwa ta juye ruwanta cikin rijiyar. Ni dai ban taɓa jin wayo marar kunya irin wannan ba. Kafin a taru a fada, ƙasa ta shanye rabi. Magajiya ta ɗanɗana sauran, ta tofar a gaban Galadima da limamai.

Yarima ya ce zai tuɓe ta, ya naɗa wata.

"Ranka shi daɗe, tuɓe ni," in ji ta. "Amma ruwan ga ba na kakanninmu ba na. Ni da na goye ka, ba ni yi maka wankan ƙarya. Ka kashe injunan ga, ruwa shi komo."

Galadima ya nemi wadda za ta karɓi gugan. Matan gidan sarauta duk suka naɗe hannu.

An ce Yarima ya yi fushi har kaka, sannan ya sauko. Ya raba ban ruwa bi da bi, ya sa aka jera duwatsu a gangaren tudu don ruwan sama ya tsaya ya nutse. Rijiyar ta fara damshi, amma guga bai cika ba tukuna.

Umarnin mai mulki yana tsayawa ne a bakin rijiya. Yau furfura ta fito wa Abdulrahim, shi ke shari'a, shi ke raba gonaki, kuma har yanzu Yarima ake kiransa.