Bawul Ɗin da Ya Buɗe Babu Wuta

Ku matso kusa. Ke Rabi, kashe tocilan ɗin nan, hasken wata ya isa. Tun da na zo gidan Baffa kuke damuna in ba ku labari, to ga shi. Amma ku sani, ni yayanku ba tatsuniya zan yi muku ba. Mutumin yana nan da ransa a Funtuwa. Tanimu sunansa, shagonsa na kallon namu.

Aikinsa haɗa injinan iska. Kun san injin mai faci da ke hura taya? Irinsa, sai dai babba, da tanki kamar duro. Daga tankin tiyo ke fita. A jikin tiyon ana ɗaura wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana ba, bawul ake ce masa. Ka ba shi wutar lantarki, ya yi ƙas, ya buɗe, iska ta wuce ta tura ƙarfe. Ka ɗauke wuta, ya rufe. In babu wuta ba ya buɗewa.

Wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamuda, ya sayi tsohon gidan gurzar auduga a bayan gari, zai riƙa ɗura man gyaɗa a kwalabe. Ya kira Tanimu ya haɗa masa injin da zai riƙa danna murafe da iska. Tanimu ya kafa tankinsa a bayan ginin, bakin wata tsohuwar rijiya da aka rufe da katako, don wurin akwai inuwa. Da safe ya tayar da inji. Tanki ya ɗan sha iska, sai janareto ya mutu. Leburorin da ke taya shi suka ce za su shiga gari neman man janareto da abinci. Ya ce su je, shi zai ƙarasa ɗaura waya.

Rana ta take. Wurin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu.

Yana tsugune yana fere waya, sai ya ji ƙas.

Ya ɗaga kai. Ya dubi bawul. Ya dubi hannunsa. Wayar da za ta kai masa wuta tana hannunsa, bai ma ɗaura ba.

Ƙas. Ƙas.

Ya miƙe, ya zagaya tankin, ya koma ya tsuguna, ya sake miƙewa. A jikin tanki akwai agogo mai allura da ke nuna yawan iska. Allurar tana hawa. Inji a kashe, janareto a mace, amma tana hawa. Ya kara kunne a jikin ƙarfen. Daga ciki ana bugu a hankali, kamar tafin hannun yaro.

Me ka ce, Nafi'u? Ya gudu? Ai ya yi niyya. Yana juyawa ya ga mutum a bakin ƙofar da zai bi.

Wata tsohuwa ce, doguwa, da farin mayafi. Babu sallama. Mayafinta na kaɗawa, alhali ko ganye ba ya motsi.

"Sannu, Iya," in ji Tanimu.

Bakinta bai motsa ba. Wani guntun tiyo da ke yashe kusa da ƙafarsa, daga cikinsa muryar ta fito, siririya kamar taya na sacewa.

"Ɗan nan, kai ka kawo abin nan mai shaƙa?"

"Ni ne, Iya."

"Yarana na wasa a bakin rijiya da safe. Ya shaƙe su."

Ya fara jan addu'a a zuci.

"Sun gwada 'yar ƙofar nan mai yin ƙas," in ji muryar. "Ta yi musu nauyi. Tana buɗewa tana rufewa."

Ya saci kallon agogo. Allura ta shiga jan layin haɗari. Akwai ɗan abin da ke huce tanki da kansa in iska ta yi yawa, shi ko motsi bai yi ba. Ƙarfen ya fara kuka, fenti na ɓarewa a wajen walda. Tanimu ya san abin da tanki ke yi wa mutum in ya fashe. Ya taɓa ganin inda wani tanki ya cire rufin shago.

Ya kai hannu ga babban famfon da ke gindin tankin, zai sake iskar gaba ɗaya.

"Ba nan ba!" Tiyon ya yi tsalle a ƙasa kamar maciji. "Ta nan za su yage. Ta ƙaramar ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya."

"Iya, babu wuta."

"Kai ka sani."

Ya tsaya, gumi na shiga masa ido. Can ya tuna. A bayan kowane bawul akwai ɗan maɓalli da ake dannawa da hannu in ana gwaji. Ya durƙusa. Ya zare tiyon da ke zuwa ga inji, ya bar bakin bawul a buɗe. Ya ce bismillahi. Ya danna.

Iska ta fito, sanyi ƙalau, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A cikinta ya ji dariyar yarinya ta wuce ta gefen kunnensa. Ya saki. Ya sake dannawa. Wani ya wuce da gudu, har hular Tanimu ta faɗi.

Allura ba ta sauka ba. Tankin ya fara rawa a kan ƙafafunsa.

"Saura autan," in ji muryar. "Tsoro yake ji."

Tanimu ya danna ya riƙe. Ba abin da ya fito. Yatsansa ya ƙage. Ƙarfen ya yi zafi a gwiwarsa. Tsohuwar ta matso har inuwarta ta rufe shi, bai ji takun ƙafarta ba. Shi ma yana da ɗan ƙarami a gida, wanda ke ɓuya ƙarƙashin gado in an yi tsawa. Sai ya kai bakinsa kusa da bawul, ya yi magana kamar yadda yake yi wa nasa.

"Fito, ɗan Iya. Ba wanda zai taɓa ka. Ga mamanka nan."



Sai wata 'yar iska ta silalo, a hankali, a hankali. Wani abu kamar ƙananan yatsu ya kama masa babban yatsa, ya riƙe, ya saki. Allura ta faɗo ƙasa.

"Ka janye abinka daga bakin rijiya," in ji tsohuwar. "Tun safe suke kuka, kana da kunne ba ka ji ba. Bari in gyara maka."

Ta sunkuyo ta hura masa a kunnen hagu.

Da leburori suka dawo, a zaune suka same shi shi kaɗai, ya dafe kunne. Bai ce musu komai ba sai, "Ku kama mu ɗauke tankin nan." A ranar suka mayar da shi gaban gini.

Tun daga nan babu iskar da ke sacewa Tanimu bai ji ba. Mota na wucewa zai ce tayar baya na yoyo, a duba a tarar haka ne. Har daga Kano ake zuwa ɗaukarsa aiki. Amma barci ya ƙaurace masa. Yana jin numfashin maƙwabta ta cikin bango. Ya cusa auduga, a banza. Ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum yana kai da kawowa a ƙofar shago.

Rannan da rana tsaka na gan shi ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya karkata kai. Na ce, "Malam Tanimu, lafiya?"

Ya ce, "Su ne. Autan ke kirana Kawu. Wai in zo mu yi wasa."

Saboda haka ku ji ni da kyau. In an aike ku hanyar tsohon gidan audugar nan, ku nemi abokin tafiya. In rana ta take, kada ɗayanku ya tsaya shi kaɗai a bakin rufaffiyar rijiya. In kuma kun ji an kira sunanku, kun waiga ba kowa, kada ku amsa.