Zoben Ranar Burauni

"Ki tura shi cikin yankan tsakiya tun da ɗuminsa. Amma ki naɗe shi a takarda, kada 'yar mutane ta haɗiye."

Odessa ta dubi abin da Madam Dekker ta dire mata a kan teburin kwaɓi. Zobe ne siriri na zinariya, da ɗan farin dutse yana ƙyalli a cikin garin fulawa.

"Wace 'yar mutane, Madam?"

"Brielle mana. Da wata ce?" Madam Dekker ta gyara zaman tabaraunta. "Yau Ansel zai nemi aurenta a gaban jama'a. Ta gatsa burauni, ta ci karo da zobe, ya durƙusa, a tafa. Ai kin san yadda ake yi."

Ludayin hannun Odessa ya suɓuce ya nutse cikin narkakken cakulan.

"Shi... shi ne ya ce a kawo mini?"

"To wa za a kai wa? Ke ce mai gasa mana burauni. Ki barbaɗa wa yankan garin sukari don ta gane shi."

Ta juya ta fice, ƙamshin turarenta ya danne na bota.

Duk wanda ya zauna a garinmu na bakin tafkin Michigan ya san takwas ga Disamba ba ranar wasa ba ce a gidan burodin Dekker. Ranar Burauni ce, wato kek ɗin nan na cakulan da ake gasawa a tire a yanka gida-gida. Sauran shaguna su manna 'yar takarda a taga su ce sun yi biki, amma Madam Dekker, tun rasuwar mijinta, ta mayar da ranar tamkar ta haihuwarta. Bana kuwa ta ɗauko Brielle Hoekstra, 'yar aminiyarta ta coci, gwanar tallata kaya a waya, ta damƙa mata komai. Brielle ta raba garin gida biyu: masu son yankan gefe mai ɗan tauri, da masu son na tsakiya mai danƙo. Mutane suka ɗauki abin da zafi, har miji da mata suna musu a layin biyan kuɗi. Hoton tallan da aka manna tun daga tashar bas har ƙofar ɗakin karatu kuwa, Ansel ne riƙe da gefe, Brielle riƙe da tsakiya, kafaɗa na gogar kafaɗa.

"Talla ce kawai, Dessa," in ji shi a lokacin. "Ke ma kin san inda zuciyata take."

Odessa Tolliver daga Memphis ta zo, ba ta da kowa a garin sai hannunta mai daɗi. Ansel kuwa shi kaɗai Madam ta haifa. Kullum da safe kafin ya fita rabon burodi sai ya leƙo kicin, wai neman gefen buraunin da take yankewa, alhali kowa ya san ba yunwa ke kawo shi ba. Daga nan aka kai ga yawo a bakin tafki ran Lahadi da yamma, ya cusa hannunta cikin aljihun kwat ɗinsa, yana fasalta mata gidan da za su zauna, mai babbar taga tana kallon ruwa. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba. Bai taɓa buɗe baki a gaban uwarsa ya ce ga wadda yake so ba. Kullum sai "bari hidimar nan ta wuce." Ni dai na tsani wannan hali ga namiji, a bakin ruwa daɗin baki, a gida kuma shiru kamar an ɗinke shi.

Anti Pearlie, dattijuwar da ke murza burodi a ɗaya teburin, ta kakkaɓe hannu.

"Ke, rufe bakin nan. Da rani ne da tuni ƙuda ya shige."

"Anti, kin ji..."

"Na ji, kunnena ƙalau. Kira shi."

Odessa ta kira. Brielle ce ta ɗauka, muryarta zaƙi-zaƙi.

"Odessa! Wayarsa na wurina, muna gwajin ɗaukar hoto. Saƙo ne? Ki dai tabbata na tsakiyan nan ya yi laushi, kin ji? Yau rana ce babba!"

Ƙit, ta kashe.

Odessa ta jingina da tanderu, hawaye suka ɓalle.

"Wataƙila gaskiya ne, Anti. Wataƙila shi ya sa yake ta ja mini rai... ya rasa yadda zai gaya mini ne."

"Yaron da kika taɓa ba wa ƙonannen gefe ya cinye yana lumshe ido? Haba!" Anti Pearlie ta miƙa mata tsumma. "Share fuskarki, gishiri ya isa a kwaɓin nan. Ban ce ki yarda da shi ba, ban ce ki yarda da uwarsa ba. Amma kada ki bari a yanka ki da wuƙarki."

Odessa ta koma aiki, don tanderu bai san ana baƙin ciki ba. Ta zuba kwaɓin a babban tire, ta daidaita shi, ta tura. A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, manya-manya, tana manne wa gilashin taga tana narkewa. Ƙamshin cakulan ya cika ɗakin. Odessa ta tsaya tana kallon fari-farin da ke rufe motoci, hankalinta ya tafi can gidan da ba a gina ba. Ta ga labulen da ta zaɓa, ruwan goro. Ta ga Ansel ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga gashinsa, yana kiran "Zumata, ina kike?" Har ta ji tafiyar wata 'yar ƙafa a kan daɓen katako. Tana son sa, so mai ciwo, irin wanda ba ya jin lallashi.

Ƙararrawar tanderu ce ta dawo da ita.

Da buraunin ya ɗan huce, ta yanka shi gida-gida. Ta naɗe zoben a takarda, ta ɗora a kan yankan tsakiya, ta sa yatsa za ta danna. Ɗumin ya ratsa fatarta. Ta daɗe a haka.

Sannan ta ɗauke zoben ta jefa a aljihun rigar aikinta. Garin sukarin dai ta barbaɗa, kamar yadda aka ce.

Da azahar shagon ya cika maƙil, layi har kan titi. Masu son gefe sun sa hula ja, masu son tsakiya fara, ana ta tsokanar juna. Wani dattijo na ihu wai duk mai cin tsakiya haƙoransa ne suka ƙare. Brielle ta kafa waya a kan sanda tana watsa komai kai tsaye, ta sha ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ansel na gefenta yana murmushin dole, idonsa na ta leƙen ƙofar kicin.

Odessa ta fito da tiren. Aka ɗauki tafi.

Ansel ya yi mata murmushi, irin na safiya. Ta kawar da kai.

"Jama'a!" Brielle ta ɗaga hannu. "Ni za a fara ba wa, kun san ni 'yar tsakiya ce. Ansel, miƙo mini wancan... mai farin sukarin."

Ya miƙa mata ba tare da tunanin komai ba. Ta gatsa a hankali, ido a lumshe, hannu ɗaya tuni a kan ƙirji yana jiran mamaki.

Ta tauna.

Ta ƙara gatsa. Ta tauna. Ta marmasa ragowar a tafin hannu tana dubawa.

"Kai, daɗi!" ta ce wa wayar, tana dariyar yaƙe. "Bari in ƙara ɗaya."

Ta ɗauki na kusa da shi. Babu. Ta ɗauki wani. Babu. Cakulan ya ɓata jan bakinta, ya sauko haɓa, ita kuwa sai tura yatsu take cikin yanka bayan yanka kamar mai neman ɗan kunne a cikin yashi. Masu farar hula suka fara ƙorafi.

"Baiwar Allah, ki rage mana mana!"

"Brielle, lafiya?" Ansel ya tambaya. "Me kike nema?"

Madam Dekker ta watso wa Odessa wani kallo mai kama da mari. Odessa ta tako har gaban Ansel, ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ajiye 'yar takardar.

"Wannan take nema."

Ya warware. Fuskarsa ta canza.

"Zoben kakata... Dessa, ina kika samo shi?"

"An ce kai ka aiko in ɓoye mata." Ta dube shi ido cikin ido. "In ita kake so, Ansel, ka sa mata da hannunka, ina tsaye ina kallo. Zan iya jurewa. Amma ba zan cusa shi cikin abin da na gasa da hannuna ba. Wannan kam ba zan iya ba!"

Ta ratsa mutane, ta bi ta kicin, ta fice ta ƙofar baya ko kwat ba ta ɗauka ba.

Anti Pearlie ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ansel ya juya ya dubi uwarsa.

"Mama, ke ce?"

"Don kai na yi. Na san a gaban mutane ba za ka kunyata yarinyar ba. Brielle 'yar gida ce, mun san iyayenta. Waccan fa, wa ya san..."

"Ni na san ta." Bai ɗaga murya ba. "Laifina ne da ban faɗa miki tuntuni ba. Odessa nake so, Mama. Ita zan aura. Brielle, ki yi haƙuri, ki kashe wayar nan, ki ba ni tawa."

Brielle ta kashe, amma rabin garin ya riga ya gani.

A lungun bayan shago Ansel ya sami Odessa, ta rungume hannuwa, ƙanƙara ta yi mata farin gyale a ka. Duniyar ta yi shiru, ko motsin mota babu. Daga ƙarshen lungun ana hango tafkin, ruwa da sama sun haɗe sun zama abu ɗaya.

"Dessa..."

"Kada ka taɓa ni."

"Na rantse ban sani ba."

"Na gani a fuskarka." Ta juyo, idanu jajur. "Ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne da mahaifiyarka ta faɗa, na yarda! Ka san me ya sa? Don ba ka taɓa ba ni abin da zan riƙe in ƙaryata ta ba. Gida mai taga, gida mai taga... a bakin ruwa kaɗai ake gina shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro ne, Zumata. Tun rasuwar Baba ni kaɗai gare ta, na kasa ɓata mata rai, sai na riƙa ɓata naki ina cewa gobe. Na faɗa mata yanzu. A gaban kowa."

"Me ka ce?"

"Na ce ke zan aura."

Ta ɗago ta dube shi.

"In ta kore ni daga shagon fa?"

"Sai ta kore mu tare. Na iya tuƙi, kin iya gashi. Ko Memphis kika ce, yau zan haɗa kaya."

Ya durƙusa a cikin ƙanƙarar, gwiwarsa ta nutse.

"Ba waya, ba jama'a, ba tafi. Ni ne kawai, matsoracin da ya makara. Odessa Tolliver, za ki aure ni?"

Ta yi dariya cikin kuka.

"Tashi, wandonka zai jiƙe."

"Sai kin amsa."

"Eh... eh, Ansel. Eh!"

Ya zura mata zoben. Ya yi mata yawa, yana juyi a yatsa, ta dunƙule hannu don kada ya faɗi.

Ƙofar baya ta yi ƙara. Madam Dekker ce tsaye, kwat ɗin Odessa rataye a hannunta. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin, amma maganar Memphis ta shiga kunnenta, don tabaraunta na hannu, idanunta sun jiƙe. Ta dubi ɗanta da gwiwarsa jage-jage. Ta dubi yarinyar da ke karkarwar sanyi.

Ta tako a hankali, ta yafa wa Odessa kwat ɗin, ta ja wuyan ta rufe mata sosai. Sannan ta kamo dunƙulallen hannun, ta buɗe shi, ta juya zoben da babban yatsanta.

"Yatsun uwar mijina manya ne," ta ce. "Ni ban taɓa iya sa shi ba. Ranar da aka kawo ni gidan nan ta ce bai dace da hannuna ba, ta mayar akwati."

Madam ta ɗago ta dubi Odessa.

"Gobe za mu je wurin maƙerin zinariya, ni da ke, a rage shi daidai ke." Ta share ido da bayan hannu. "Kada ki tafi mini da shi Memphis, 'yata. Shi kaɗai gare ni."

Odessa ta riƙe hannun tsohuwar da nata biyun.

"Ba inda za mu, Mama."