Gado na Huɗu

A ɗakin wankin ƙoda suka haɗu, inda ba mai zuwa neman soyayya. Ita tela ce, sau uku a mako take rufe shago ta rako Baba, a jona shi da na'ura, a yi awa huɗu cur ana kallon jini yana zagaya cikin roba.

Ran nan ta lura da saurayin da ke gado na huɗu, kusa da na Baba, yana kokawa da wani littafi mai kauri. Hannun hagu an soka masa allurai biyu an hana shi motsawa, na dama kuma an ɗaura masa abin awon jini. Da haɓa yake ƙoƙarin juya shafi, har littafin ya sulale ƙasa. Ta ɗauko ta miƙa masa.

"Don Allah 'yar'uwa, shafi ɗaya kawai za ki juya min," ya ce. "Na bar mutumina rataye jikin jirgin ƙasa, ga 'yan bindiga a samansa."

"Wane mutumin?"

"Ɗan leƙen asiri. In ban koma ba faɗuwa zai yi."

Ta yi dariya, abin da rabonta da yi tun kwanciyar Baba. Ta juya shafi ɗaya, ta juya na biyu, sai ta ga gara kawai ta karanta masa a fili. Kafin a tashi su biyun sun tsallake iyaka da fasfon bogi, sun ɓuya a bayan motar kifi, sun manta da ƙarar na'ura.

Tun daga ranar zaman ya daina yi mata tsawo. Malamin lissafi ne, shekararsa biyu a wannan gadon, kuma ya ce littafin ne kaɗai wurin da yake iya gudu. Baba kuwa ya rufe ido kamar mai barci, alhali kunnensa na wurinsu.

"Wai shi wannan bawan Allah ba ya zama ya ci abinci ne?" ya jefo wata rana. "Tun Litinin yake gudu."

Saurayin ya raɗa mata suna Kwamanda, saboda ita ke yanke inda za a tsaya. Ita kuma ta ce masa Lamba Huɗu. Saƙonni suka fara kai-kawo.

"Kwamanda, na rantse ban leƙa babi na gaba ba. Littafin ma yana jakarki."

"Lamba Huɗu, ka sha maganinka. Umarni ne."

"An bi umarni. Amma akwai wani sirri da nake ɓoyewa, ko an azabtar da ni ke kaɗai zan gaya wa: ina son ki."

Ta karanta wannan ya fi sau goma, har ta ɗinka hannun riga a baibai.

Saura babi shida su gama Baba ya rasu, wata safiyar Laraba, yana zaune da takalminsa a ƙafa ana jiran motar asibiti. Duniya ta yi mata duhu. Bayan wata uku, da yayan Lamba Huɗu ya zo gaida Mama ya ɗan taɓo maganar aure, Mama ba ta ɓoye masa komai ba.

"Yaron kirki ne, ban ƙi shi don hali ba. Amma shekara shida na yi a bencin asibiti. Ba zan ɗauki 'yata in ɗora ta a wurin da na tashi ba."

Ga kuma mai kantin maganin bakin layinsu, lafiyayye, mai fara'a, ya riga ya turo kawunsa neman aurenta. Ba a ɗauki lokaci ba saƙo ya shigo wayarta.

"Kwamanda, Mama ta yi gaskiya. Ni ba mutumin littafin ba ne, ba na tsallake komai. Ki auri mai lafiya. Kada ki zo."

Ta zo. Ta tarar da wata dattijuwa kwance a gado na huɗu. Ta dafa bango tana salati, don ta san abin da sauya mai gado yake nufi a ɗakin nan. Nas ce ta riƙo ta.

"Yana nan da ransa, kwantar da hankalinki. Roƙo ya yi a sauya masa ranaku, wai kada ki same shi."

Wannan ya fi mata ciwo. Ta koma gida ta buɗe littafin ita kaɗai ko za ta ɓace a ciki kamar da. Motoci suka yi ta karo, aka yi ta harbe-harbe, amma ko taki ɗaya bai ɗauke ta daga ɗakin ba. Kwana tara tana shafi guda, ta rame, keken ɗinkinta ya yi ƙura. Mama tana kallo tana kauda kai.

Ran na goma ta durƙusa gabanta.

"Mama, tambaya ɗaya. Da tun farko an gaya miki Baba zai yi shekara shidan nan, da kin ƙi shi?"

Mama ta kalli kujerar Baba da ba kowa a kai.

"Da an ce sha biyu ne ma, da na karɓa da godiya," ta ce. "Tashi ki nemo min yaron nan."

Sai da ta zaga asibitin kwana biyu kafin ta gano sabbin ranakunsa. Da ya gan ta ya juya fuska bango, hawaye na zuba, ga hannu ba damar sharewa. Ita ta share masa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba hayaniya, aka yi musu addu'ar zaman lafiya da tsawon kwana, kowa ya ce amin da ƙarfi. Da za ta tafi, Mama ta jawo ta ɗaki ta damƙa mata wani ɗan kofin roba mai zane-zanen awo, duk lambobinsa sun koɗe.

"Da wannan nake auna wa ubanki ruwan sha. Zai roƙe ki ƙari, zai yi miki fushi, zai ce ba ki son shi. Kada ki ƙara masa ko ɗigo." Ta rungume ta. "Allah ya ba ku shekarun da suka fi namu yawa."