Rijiyar da Ta Rasa Suna

A can wani zamani, rijiyar wani ƙauye ta ƙafe. Mai gari ya aika birni, aka turo masani da na'urar gano ruwa. Masani ya zaga, ya auna, ya kafa turke a kwari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ruwa nan, gaba bakwai."

Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta ce, "Akwai ruwa, ɗan nan, amma zartsi ne. Kakanninmu sun haƙa, ko jaki bai sha ba. Ruwan daɗi yana gindin ɓaure."

Mai gari ya ce, "Wanne, Iya? Ɓaure biyar ne a garin nan."

Ta ce, "Oho! Wannan kuma ban sani ba."

Mai gari ya dubi na'ura, ya dubi tsohuwa, ya sosa ƙeya. In ya bi masani, a sha zartsi. In ya bi Iya, a haƙa rami biyar, ga mata na wuni a hanya don tulu guda. Kwana uku kansa a ɗaure.

Rana ta huɗu haushi ya kama shi, ya ce, "Wai Malam, na'urar taka tsoron ɓaure take yi?"

Iya ta shiga gaba, masani na biye. A ɓaure na huɗu na'ura ta nuna ruwa. Aka haƙa, ya ɓulɓulo garai-garai, ba zartsi.

Jama'a suka ce, "To, rijiyar wa za mu kira ta?"

Mai gari ya dubi na'ura, ya dubi tsohuwa, ya sosa ƙeya. Har yau yana susa, mutane kuwa sha kawai suke yi.